Abin da Ke Cikin Goran Kawu

Kawu ya cika ranar Laraba da hantsi, a Kalgo, a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa, ba ni da ta cewa a kan wannan. Abin da nake da ta cewa a kai shi ne abin da kunnuwana suka ji a zauren makoki, kuma shi ya sa na rufe keken ɗinkina na ɗauki alƙalami, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na yi wayo, kuma ba zan bari a rufe mutumin nan sau biyu ba.

Mun kai shi kafin la'asar. Dangi na Gwandu ba su iso ba sai washegari da yamma, saboda nisa. Wansa ne ya jagorance su, wanda duk muke kira Malam, mai zauren karatu a unguwarmu ta asali. Yana zuwa aka shimfiɗa masa buzu a tsakiyar zaure, makoki ya koma hannunsa kamar yadda ya kamata.

Kowa ya san yadda ake gaisuwar mutuwa. A ce Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, a shafa fatiha. In mamacin mutumin kirki ne sai a ƙara da shaida: wane ba ya faɗa da kowa, wane mai zumunci ne. Wannan shaidar ita ce guzurin ƙarshe da masu rai ke iya ba wanda ya tafi, kuma ita ce 'ya'yansa za su riƙa ɗauka duk inda suka shiga. Kawu ba a ba shi ba. Abin da aka ba shi sai ajiyar zuciya da kaɗa kai. Wani dattijo mai dogon carbi ya ce Allah ya sa dai ya samu tuba kafin cikawa. Na kusa da shi ya ce hali zanen dutse ne, sai dai Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani kuma, wanda ko kalar ƙofar gidan Kawu bai sani ba sai ranar, ya jawo ni gefe ya tambaye ni a hankali, wai da muka yi masa wanka ba a ji wani wari ba? Wallahi da ba don darajar gawar da muka rufe jiya ba, da na nuna masa hanyar Gwandu da hannuna.

Maƙwabtanmu na Kalgo su ma ban yafe musu ba. Sun ci dariyar mutumin nan shekara da shekaru, sun san abin da suka sani, amma da suka ga rawuna sun cika zaure sai kowa ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma.

Sai maganar jikoki ta taso. Al'adarmu ce in tsoho ya mutu ya bar jikoki, ranar sadakar uku su sa rigarsa da hularsa, su fito suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya a cikin kuka. Ba raini ba ne, gata ne, don ba kowa ke samun jikokin da za su yi masa ba. Malam ya aika cikin gida cewa wannan karon ba za a yi ba.

“Mi za su kwaikwaya?” in ji shi. “Tangaɗi?”

Ya ƙara da cewa goran nan da ya gani rataye a zaure, wanda marigayin ba ya rabuwa da shi, a fasa shi a zubar kafin jama'a su taru jibi. Na durƙusa na ce, Allah gafarta Malam, Kawu ya bar abin nan tun ranar da kowa ya sani. Ya dube ni ya ce ni ɗa ne, kuma ɗa ba ya ganin laifin wanda ya ci da shi. Aka ce in yi shiru, na yi shiru.

To bari in faɗi abin da aka hana ni faɗa a zaure.

Ba zan yi wa Kawu ƙarya don ya mutu ba. Ya sha, kuma ya sha da gaske. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Gwanja neman goro, ya dawo ba goron kirki sai ɗanɗanon bammi a harshe. Gwandu kuwa ba garin da irinsa zai zauna ba ne, garin da kowane lungu ka leƙa ana jan baƙi. Ya tattara ya koma Kalgo wurin dangin matarsa, ya sayi jaki, ya shiga ɗaukar bandar kifi daga bakin gulbi zuwa kasuwa. A kan hanyar nan akwai wata mararraba. In ka miƙe ka shiga gari, in ka karkata hagu ka isa wasu 'yan bukkoki inda wata tsohuwa baƙuwa ke dafa burukutu. Kawu ya fi sanin hagu. Na sha ɗauko shi daga bakin kwata, na sha ganin matarsa tana kuka tana daka. Duk wannan an yi.

Sai mahaifiyarsu, kakata, ta kwanta ciwon ajali a Gwandu, tana ta kiran sunansa. Ɗan aike ya zo ya same shi a halin da ko zama a kan jaki ba ya iyawa. Kafin ya dawo hayyacinsa ya kama hanya, an riga an rufe ta. Malam ya tarye shi a ƙofar gida, ya dube shi, ya juya ya shige. Wannan ciwon na Malam gaskiya ne, ban taɓa cewa ba shi da hujja ba. Abin da nake cewa shi ne Kawu ya je kabarin, ya daɗe a can, ya dawo Kalgo, kuma daga ranar har ranar Larabar nan ɗigo bai sake wuce maƙogwaronsa ba.

Farkon abin ya sha wuya. Ya kwanta yana rawar ɗari a tsakiyar bazara, gumi kamar an tsamo shi daga gulbi, komai aka ba shi sai ya dawo. Jiƙon tsamiya kaɗai ke zama a cikinsa, matarsa ta riƙa jiƙa masa tana ɗan sa citta. Ranar da ya fara miƙewa muka taru muna jiran mu ji wa'azi ko kuka. Sai ya tsaya ya ƙura wa zaurensa ido, ya tambaye mu wa ya toshe ɗaya ƙofar. Muka ce ai ƙofa ɗaya ce tun da aka gina shi. Ya ce lallai an cuce shi, shekara da shekaru yana ganin biyu, kuma kullum wadda ba ita ba yake zaɓa. Matarsa ta fashe da dariya, dariyar da na manta tana da ita. Ya juyo ya dube ta ya ce ashe mai wushirya ya aura, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Daga nan aka buɗe. Mutumin nan ya zama kamar baƙon da aka kawo duniya jiya. Ya gano cewa zakara da asuba yake cara, ba don ya ci mutuncin masu barci ba. Ya gano cewa masu sayen kifinsa ba su da kirki kamar yadda yake zato, dā can ba ya ganin lokacin da suke ƙara wa kansu ɗaya a kan kashi. A masallaci kullum sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. In an ce ya matso sai ya ce wanda ya yi irin makararsa ba ya rububin gaba. Da aka fara zancen mulkin kai a kasuwa, kowa na ta da jijiyar wuya, ya ce shi ya riga Nijeriya samu, kuma yana ba su shawara su shirya, don farkonsa akwai rawar ɗari.

Amma babban abokin wasansa jakinsa ne. Kawu ya tuba, jaki bai tuba ba. Dabbar nan ta saba, in an iso mararraba hagu ake yi, a ɗaure ta a inuwa, a ba ta dusar giya ta ci ta ƙoshi. Don haka duk ranar kasuwa sai an yi kokawa a wurin. Jaki ya ja hagu, Kawu ya ja dama, kifi yana neman zubewa. Sai ya saki igiya, ya tsaya a gabansa ya gyara hula, ya yi masa nasiha kamar mai wa'azin Juma'a: ya ji tsoron Allah, ya dubi shekarunsa, ya tuna yana da iyali. Sa'an nan ya juya wajen hanyar hagu ya ɗaga hannu ya ce, “Sannu da rana. Yau ma ba ni zuwa.” Ya ja jakinsa su miƙe. Masu wucewa suna dariya har da riƙe ciki. Ni da na sha tafiya kusa da shi na ga abin da ba su gani ba, yakan nannaɗe igiyar a hannunsa tam, ba ya yarda ya waiwaya sai mun shiga gari.

Goran kuwa, shi ne wanda ya saba zuba burukutu a ciki tun dā. Matarsa ta so ta fasa shi, ya hana. Ya ce tare suka ɓata, tare za su shiryu. Ya wanke shi da toka da ruwan zafi, ya shanya, ya sake wankewa, har sai da ya daina jin komai a ciki sai ƙamshin duma. Tun daga nan jiƙon tsamiya ke ciki. Ya ce harshe ya saba da tsami, sai a ba shi tsamin halal ya yi shiru.

To a nan mutanenmu suka yi kuskuren da har yanzu yake ƙona mini rai. A wurinmu mai tuba an san kamarsa. Ya ɗaure fuska, ya rage magana, ya riƙa jan carbi a inda za a gan shi, in an tuna masa da baya ya sunkuyar da kai. Mai tuba ba ya tsayawa a mararraba yana yi wa jaki huɗuba. Da suka ga Kawu yana dariya fiye da dā, ga gora ɗaya, ga abin ciki ja-ja mai kauri kamar wancan, sai suka yanke hukunci. Aka riƙa cewa ruwa ba ya tsami banza. Da maganar ta dawo masa ya ce gaskiya ne, tsamiya aka jiƙa. Duk wanda ya ga yana kallon goran ta wutsiyar ido sai ya cire marfin ya miƙa masa, ya ce ya ɗanɗana ya ba da shaida. Wasu su yi dariya su wuce, wasu su ja da baya suna a'uziyya. Kowa yana tsoron kada a ce an ga bakinsa a goran Kawu.

Abin da ya ƙarasa ɓata shi a kunnen Gwandu kuwa alheri ne ya yi. Tsohuwar nan mai burukutu ta kwanta ciwo wata damina, tukwane suka bushe, masu cika mata bukka suka watse kamar ba su taɓa saninta ba. Kawu ya ji labari. Ya ɗaura wa jaki itace da ɗan gero da kifi, ya bar shi ya yi hagu. Ya yi ta zuwa har Allah ya karɓi ranta. Ya ce ta shayar da shi abin da ya roƙa da bakinsa, ba ta taɓa ɗura masa ba, kuma ba za ta mutu da yunwa yana ji yana gani ba. Ya ce jaki dai ya yi murna, yana zaton maigida ya dawo hanya. Masu ido suka ga jakin Kawu ɗaure a ƙofar mai giya. Labarin ya riga motar kasuwa isa Gwandu, kuma ba wanda ya ɗauki itacen da geron ya tafi da su cikin labarin.

Babbar sallar da ta biyo baya na raka shi Gwandu gaisuwa. Aka fito da tuwo a akushi, 'yan'uwa suka kewaye. Kawu ya wanke hannu ya sa. Malam ya janye nasa, ya ce ya ƙoshi. Kawu ya cire marfin goransa ya miƙa masa da hannu biyu.

“Ɗanɗana, Yaya, ka ba da shaida.”

Malam ya ce shi ba ya gwada haram da harshensa. Kawu ya mayar da marfi, ya ce alhamdu lillahi rabonsa ya ƙaru, ya cinye gefen Malam har da suɗe hannu, yana yabon miyar. Aka yi 'yar dariyar dole aka tashi. A hanyar dawowa har muka yi nisa ko jakin bai tsokana ba. Raina a ɓace na tambaye shi don me ba zai rage wasan nan ba, ko mutane su yarda da shi. Sai ya ce:

“Ƙishin nan bai tahi ba, ɗana. Shina nan zaune, kamar baƙon da bai san ranar komawa ba. In na ɗaure mai huska sai mu yi hwaɗa, kuma ya hi ni ƙarhi. In na yi mai wasa sai shi ji kunya shi zauna.”

Wannan ita ce dariyar da aka kafa hujja da ita a kansa. Da ita yake riƙe da kansa, su kuwa suna cewa alamar ya saki ce. Malam da bakinsa yake karantar da yara cewa wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne. Ashe karatun na 'ya'yan wasu ne, ban da ƙaninsa.

Ranar sadakar uku zaure ya cika har waje. An raba gumba da waina, an yi addu'a, ana shirin tashi. Goran ba ya kan maratayinsa, kowa ya ɗauka an fasa. Ashe matar Kawu ta sa an shigar mata da shi ɗakin takaba, ta ajiye a gefen tabarmarta.

Sai muka ji hayaniya daga cikin gida. Babbar jikarsa ce ta fito, budurwa mai bakin tsiya irin nasa, cikin rigarsa mai warin banda da hularsa da ta sha jiki, ta manna auduga a haɓa, goran yana rataye a kafaɗarta. Ƙannenta na biye, biyu sun lulluɓa da buhu sun zama jaki. Malam ya ɗaga hannu zai yi magana. Amma wan kaka ai kaka ne, kuma ba a yi wa jika fushi a ranar wasanta, ko a Gwandu. Hannun ya koma kan gwiwarsa.

Ba ta yi tangaɗi ba. Ba ta san shi da shi ba, lokacin da ya bari ko tallan goro ba ta fara ba. Ta yi tafiyarsa ta mai sauri, kafaɗa ɗaya sama. Ta tsaya ta dubi ƙofar zaure ta tambaya wa ya toshe ɗayar. Jakin buhu ya ja hagu, ta ja dama, ta saki igiya ta gyara hula ta ce masa ya ji tsoron Allah ya tuna yana da iyali. Mutanen Kalgo suka kasa riƙewa. Waɗanda suka yi kwana biyu suna tsintar zaren tabarma suka fashe, wasu hawaye na zuba. Da ta juya ta ɗaga hannu ta ce sannu da rana, rabin zauren ne ya ƙarasa mata: yau ma ba ni zuwa. Na ga Malam ya waiwaya yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sa'an nan ta yi abin da kakanta ke yi wa duk mai kallon goran. Ta duba wa ya fi kowa ƙura masa ido, ta je gabansa ta durƙusa, ta cire marfi, ta miƙa da hannu biyu, da muryar Kawu.

“Ɗanɗana, Yaya, ka ba da shaida.”

Yarinyar ba ta san an taɓa faɗin wannan a kan akushi a Gwandu ba. Malam ya sani, ni ma na sani. Abin da ke ciki sauran jiƙon safiyar Laraba ne, wanda Kawu bai ƙarasa ba, ba wanda ya taɓa shi. Kuma kowane ɗan ƙauye ya san gora ba ya ɓoye abin da ya saba ɗauka. Malam ya daɗe yana kallonsa. Ya karɓa, ya kai hanci, ya sake kaiwa. Ya yi bismilla ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse don tsami.

“Tsamiya ta,” in ji shi, a hankali.

Sai murya ta fito daga bayan ƙofar cikin gida. Matar Kawu ce, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga murya a gaban wan mijinta ba.

“Tun ran da anka ruhe Inna tsamiya ta, Malam.”

Malam ya riƙe goran a cinyarsa da hannu biyu. Can ya ce jama'a su shaida, ƙaninsa ya mutu a kan tuba, kuma a sake fatiha. Aka sake. Nan take bakuna suka buɗe. Mai dogon carbi ya tuna marigayin mutum ne mai fara'a. Wanda ya tambaye ni zancen wari ya ce shi dama bai taɓa yarda da maganar ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don 'ya'yansa da jikokinsa sun samu abin da za su ɗauka. Amma ban huce ba, kuma ba na jin zan huce nan kusa. Shaidar nan ba ta bukaci tafiya Makka ba, ba ta bukaci buɗe littafi ba. Kurɓi ɗaya ce. Kawu ya yi shekaru yana miƙa ta da hannu biyu yana dariya, kuma ba a karɓa ba sai da ya kwana uku a inda ba a jin ɗanɗanon komai.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata maka makwanci, ya shayar da kai daga tafkin da ba a ƙishi bayansa. Malam ya roƙi goran zai tafi da shi Gwandu. Matar Kawu ta ce a gaya masa ya yi haƙuri, mai shi ya miƙa masa tun yana da rai.